Sau Nawa Kika Wanke Shi, Yaya?

Zuwa ga Yayata, fitilar zuriyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da tagwaye. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Baba kuwa yana nan yana gardama da rediyo, kuma har yau rediyon bai yi galaba ba.

Maƙasudin rubutun nan shi ne wani al'amari da ya ɗaure mini kai tamau. Kin san na gaji kujerarki a ɗakin gwaje-gwaje, na kuma gaji littafin aikinki kan sinadarin nan, enzayim, da ke zaune cikin tantanin ƙwayar halitta yana fitar da gishiri waje. Na ciro shi daga ƙodar tunkiya, na wanke shi da sabulun gwaji sau uku cif, kamar yadda hannunki mai albarka ya rubuta. Ya fito fes, babu ɗigon maiƙo, amma ya ƙi motsi. Naki kuwa, in ji Farfesan da ke duba aikina, aiki yake kamar ingarma. Cikin ɗimuwa na ɗiga masa maiƙon gwaiduwar ƙwai, ya ɗan yi miƙa. Na ba shi na ƙwaƙwalwar saniya, sai ga bawan Allah ya miƙe tsaye. Ashe kitsen da ke kewaye da shi ba ƙazanta ba ne, shi ke riƙe masa siffa? Ko kuwa ni ne na fara zautuwa?

Yaya, na san tarihin wanke-wankenki a gidanmu: tsomi ɗaya, ɗauraya ɗaya, ki kife kwano. Don girman Allah, sau nawa kika wanke shi da gaske? Ranar Alhamis zan gurfana gaban kwamitin tantance bincike. In na ce littafin ya yi kuskure, na zubar miki da suna. In na yi shiru, Farfesa ya ce hannuna ne ba shi da sa'a, zai ba wani kujerar. Gaba kura, baya siyaki.

Inna da Goggo da Kawu suna gaishe ki, ki shafa mini kan tagwaye. Ki kira ni kafin Laraba. In kin ce uku, uku zan faɗa musu, in tattara jakata.

Ƙaninki mai biyayya,
Autan Inna