Hadiza Ta Tafi Koyon Jinya

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ya jikin Malam, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Kebbe lafiya lau.

Albishirinki! Hadizarmu ta samu gurbi a makarantar koyon jinya. Yarinyar da haruffa ke cakuɗe mata, har malamai 'yan'uwana suka cire rai! Kullum bayan la'asar nakan karanta mata darasi, tana haddacewa da kunne.

Tun da na raka ta Tambuwal ta hau mota, gidan ya yi mini faɗi. A can wa zai karanta mata? Jiya na naɗi babi guda da muryata na tura mata ta waya, har yanzu ba ta buɗe ba.

Ki sa ta a addu'a, ni ma kada ki manta da ni. Gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi