Laifin Maƙogwarona Ba na Larisa Ba Ne

Ni, Orysia Demchuk, ta gonar da ke arewa da garin Dauphin, na rubuta wannan cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Da baki na so in gaya muku, amma murya ta tafi tun watan Maris. Hannu kawai ya rage.

Wayne, Larisa, Nestor, 'ya'yana: sankarar ƙaluluwar da ta fara a tsokar gefen maƙogwarona ta dawo, duk da zagaye shida na magani da gashin na'ura da aka yi mini a asibitin Winnipeg. Yanzu ta gangara ƙirji. Na rubuta wa likita a takarda, ko zan ga furen kanola na baɗi, shukar man girkin da muke nomawa? Ya ce, "Mu dai ga kin daina jin zafi tukuna." Na gane.

1. Gida da gona naku ne ku uku. Wayne ya ci gaba da noma.

2. Amyoyin zuma arba'in na Nestor ne. Bana ban iya leƙa su ba, ban san nawa suka tsallake sanyi ba.

3. Wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wayne, wata biyar ke nan ba ka yi wa ƙanwarka magana ba.

Ga yadda abin ya faru. Wata Lahadi bayan coci na ce wa Larisa haɗiya na yi mini wuya. Ta haska bakina da fitilar waya, ta ce, "Mama, gefe ɗaya ne ya kumbura. Ki kurkure da ruwan gishiri, in ya kai sati biyu bai saɓe ba, ni da kaina zan kai ki asibiti." Da sati biyun suka cika ta kira ni, na ce ya warke. Ƙarya na yi. Lokacin cire zuma ne, kuma tun rasuwar babanku nake tsoron asibiti. Wata takwas ina naɗa gyale a wuya, ina cewa miya kawai nake sha'awa.

Ranar da aka yi mini aiki, ina kwance na ji ka, Wayne, a bakin ƙofa kana ce mata, "Ke ce ma'aikaciyar jinya, kin gani da idonki, amma kika ce ruwan gishiri?" Na buɗe baki in ce ni ce, ba abin da ya fito. Daga baya na rubuta maka sau biyu, ka ce rufa mata asiri nake yi. Yanzu in ta hango motarka a tsakar gida, juyawa take yi.

Likita ya ce ko da na zo da wuri, bai san yadda za ta kaya ba. Ni ma ban sani ba.

4. Larisa, ki ɗauki rigar da kakarku ta yi wa ado da hannunta. Ki yafe mini, na bar ki da nauyin da ba naki ba.

Ubangiji ya albarkace ku da 'ya'yanku, ya tsare maƙogwaronku daga irin nawa. Kada ku watse. Ranar jana'izata ku zauna a benci ɗaya, Larisa a tsakiya. Ba zan iya dubawa in ga ko kun yi ba, roƙonku kawai nake yi.

Mahaifiyarku,
Orysia