Baƙon Zaure

Daren Lahadi, Bodinga

Rahila, in ke ce kika buɗe littafin nan, rufe shi, ko jikinki ya gaya miki.

Ruwan safe ya hana mu samun motar zuwa coci a Sakkwato. Sai na ji Rahila tana ce wa ƙanenta, "Yau hutu, tunda ba mu je gidan Allah ba." Na kira ta, na ce ba a coci kaɗai yake ba, Ruhunsa cikin mai binsa yake zama. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "To Mama, a zaure yake tsayawa kamar baƙin Baba, ko har ɗaki yake shiga?"

Tun ɗazu nake juya maganar. Baƙon zaure ana shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwa, amma bai san tsakar gida ba, kuma yana tafiya kowa ya saki jiki. Haka yaran nan suka ɗauki Ubangiji? In Rahila ta girma a haka, ranar da ta bar gidana za ta bar shi. Ina mamakin yadda zai yarda ya zauna cikin yarinyar da ko kwanonta ba ta wankewa. Amma ya ce zai shiga in an buɗe masa.

Daga gobe, ba mai taɓa koko a gidan nan sai mun durƙusa a tsakar gida, kowa ya gayyace shi ciki da bakinsa.