Na Tona Asirin Matar da Ke Ware Mini Tukunya

Anti Zinatu, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, don sati uku ke nan ina juya wata magana a kaina. Yayana Abdul-Basit ya ce bakina ne ya ja mini. Na san ina da baki, ba wannan na zo tambaya ba.

Shekarata ashirin da shida. Ina aikin kicin a wani gidan abincin 'yan Koriya a kudancin Landan, shekara biyu ke nan. Ban gama jami'a ba, amma ina karatu, a bas, a jirgin ƙasa, duk inda na samu wurin zama. Da na kama aikin na ce ba zan riƙa yanka wa mutane kabeji ban san tarihinsu ba. Na karance abin da ke laburaren unguwarmu kan Koriya: yadda aka ja layi a taswira aka raba al'umma ɗaya gida biyu, yaƙin da ya biyo baya, da tsofaffin da suka mutu ba su sake ganin 'yan uwansu ba. Abin ya taɓa ni, don mahaifina Bakatsine ne, mahaifiyata 'yar Maraɗi. Lokacin da aka rufe iyaka kakata ta rasu, sai ta daji mahaifiyata ta bi a kan babur kafin ta isa wurin zaman makoki.

A kicin ɗin akwai wata dattijuwa, kowa Imo yake ce mata, kamar mu ce Inna. Ita ta koya mini aiki. Tun da ta gane ba na cin alade ta ware wata ƙaramar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ba mai taɓawa. Kullum da safe nakan gaishe ta irin tamu, in ce ya gida, ya mutanen gida, ita kuwa sai murmushi. Wata rana muna ɓarar tafarnuwa mu biyu, ta ce in daina tambayarta mutanen gida, don ba ta san halin da suke ciki ba. Daga Koriya ta Arewa ta gudo, ta baro ƙanenta, shekara goma sha huɗu rabonta da jin muryarsa. Mai gidan abincin kaɗai ya sani. Sauran ma'aikata sun ɗauka cikin 'yan Koriyar da aka haifa a China take, ta kuma bar su a haka. Amma ba ta ce in ɓoye ba. Ki riƙe wannan, Anti, ba ta ce ba.

Ranar da abin ya faru muna cin abincin rana kafin a buɗe, mu takwas a tebur. Akwai ɗan 'yar uwar mai gida, Min-jae, ɗalibi daga Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Na tambaye shi yaushe yake ganin ƙasar za ta sake haɗewa. Bai ko ɗago kai daga waya ba. Ya ce wannan damuwar kakanni ce, shi a wurinsa Arewa wata ƙasa ce dabam mai yare irin nasu, kowa ya zauna gidansa lafiya ya fi. Na jero masa tarihi, shekara bi shekara. Ya ce ni da ban taɓa taka Koriya ba, me na sani. Nan kaina ya ɗau zafi, na ce, "To ga Imo nan, daga Arewa ta zo. Dube ta ka ce mata ita ba 'yar ƙasarku ba ce."

Imo ta ƙarasa shinkafarta, ta wanke kwanonta, ta koma aiki.

Tun daga ranar nan, da kai kawai take amsa gaisuwata. Tukunyar tana nan da zarenta, tana dafa mini, amma sai dai in tarar da ita a gefen murhu, ba ta kirana. Wasu mata biyu sun fara yi mata magana a hankali kamar mara lafiya, ɗaya har ta tambaye ta wai da gaske ne labarin yunwar da ake yi a Arewa.

Ni kare ta na yi. A wurinmu ba a ɓoye asali, mahaifiyata gaban kowa take cewa ita 'yar Maraɗi ce. Amma ba na son in rasa matar nan. Shi ya sa nake shirin roƙon Malam Abdul-Nasir, wani dattijo da muke Juma'a tare a masallacin Regent's Park, ya raka ni kicin ya ba ta haƙuri a madadina, yadda ake yi a gida. Ya kika gani? Kuma ni kaɗai ne mai laifi?

Mai Yankan Kabeji, Landan

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Tausayinka na gaskiya ne, karatunka ma ba banza ba ne. Min-jae kuma ya yi maka rashin ladabi da ya ce me ka sani. Sai dai ra'ayinsa ba cin amana ba ne. An haife shi bayan rabuwar da shekaru masu yawa, bai san kowa a can ba, kuma ba shi kaɗai ke wannan tunani cikin tsararsa ba. Za ka iya ƙin yarda da shi ba tare da ka mai da shi maƙiyi ba.

Inda ka kuskure shi ne ka auna iyakarsu da tamu. Mahaifiyarka ta sha wahala, amma ta je, ta dawo, ba a taɓa kowa saboda ita ba. Imo tana da ƙane a inda labarin gudun mutum kan iya zama masifa ga waɗanda ya baro. Wadda ta yi shekaru tana barin a ɗauke ta 'yar wata ƙasa ba sai ta ce maka ka ɓoye ba. Kuma ka lura, a duk wasiƙarka ban ga inda ka tambaye ta ra'ayinta kan haɗewar ba. Ka ɗauke ta ne ka jefi abokin gardama da ita.

Kada ka kai Malam Abdul-Nasir. A gida rakiyar dattijo girmamawa ce. A nan kuwa, kafin ya ba da haƙuri sai ka faɗa masa laifin, ka ƙara mutum ɗaya kan waɗanda suka sani. Ka same ta ku biyu, ka ce abin da ta ba ka ajiya ka fitar ba izininta, ka yi kuskure. Kada ka ce kare ta ka yi, kada ka ambaci Maraɗi. In ta yi shiru, ka bar ta da shirunta, ko zai kai watanni. Ka kuma roƙi yayanka ya riƙe bakinsa.

Abu na ƙarshe. Wasiƙar da ka aiko tana ɗauke da cikakken sunanta, da garinsu, da sunan gidan abincin. Ni na cire su, na sauya shekaru da sunan saurayin kafin a buga. Ka zauna ka yi tunani a kan wannan kafin ka je wurinta.

Tana dafa maka har yanzu, don haka ƙofa ba ta rufe ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kuma sa ta sake jin muryar ƙanenta.

Anti Zinatu