Yatsun Ƙafa Tara

Kaduna, 4 ga Yuli

Zuwa ga matata Zakiyya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Lailatu. Yaya Kuyello, yaya damina?

Ki yi haƙuri, jiya aka yanke yatsan ƙafar nan. Wata huɗu ina shafa masa zumar amyata, ina cika baki wai babu gyambon da ya gagari zuma, ashe ciwon ba a fata yake ba. Likita ta ce jijiyoyin jini ne suka kumbura suka toshe. Cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, kuma matasa masu shan sigari take kamawa. Ciwon ƙirjin da ya kayar da ni a gona ma ba ƙwannafi ba ne kamar yadda na yi ta gardama. Zuciya ce, ina ɗan shekara ashirin da tara!

Kin san mafarin abin. Ƙyuyar haɗa busasshiyar ciyawa in kunna don hayaƙi ce ta sa na riƙa busa wa ƙudan zuma hayaƙin sigari a dajin Kamuku. Su suka lafa, ni na kamu. Likitar ta ce muddin na ci gaba da sha, ƙafar za ta bi yatsan. Wallahi na tsorata, don mai ƙafa ɗaya ba ya hawa bishiya ya sauko da amya.

Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Habibullahi

Kaduna, 19 ga Agusta

Zakiyyata,

Ina gaisuwa, ina kuma kewarku. Allah Ya sa masara ta yi kyau.

Yau kwana arba'in da shida ban taɓa ko karan sigari ɗaya ba. Kawu Idrisu da ya sauke ni ya sha masifata, har na roƙe shi tabar gari, ya hana. Ashe ita ma dafin ɗaya ne. Gyambon ya rufe, kuma jiya na taka har bakin titi ba sanda. Sai da na yi ƙwalla.

Ranar Juma'a zan dawo, in Allah Ya yarda. Amma akwai abin da na ɓoye miki. Ki leƙa ƙarƙashin jinkar rumbun dawa, za ki ga kwalin sigari biyu. Ki jefa su a masai kafin in iso. Kada ki jira ni, don har yanzu ban gama amincewa da kaina ba, amma ke na amince da ke.

Ki gaida Inna da kyau.

Naki har kullum,
Habibullahi