Ranar da Na Turara Jakfilen ɗin Baba Ambrose

Rijiyar Lemo,
Fagge, Kano.

Zuwa ga Yayata, Yaya Huseina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Yaya Sammani da yara. Allah Ya yaye miki ciwon bayan nan, Ya ba ku juriyar zafin Maiduguri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma islamiyya, Baba kuma yana nan a zaure da rediyonsa. Na zaɓi in rubuto ta hannun Kyari maimakon in kira ki, domin na san halinki, in kika fara dariya ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba. Maganar nan kuwa dole in kai ƙarshenta, tunda da hannunki a ciki.

Kin dai san ƙaninki, mijina Abdulnasir, a matsayin ɗan kasuwar Kwari, mai atamfa da shadda. Abin da ba a gaya mana ba lokacin neman aure shi ne yana da wata lalura, ta tara abin goge katako, wanda kafintoci ke kira jakfilen. Ba ma na ƙarfe da ake sayarwa a kanti ba, na itace, irin wanda tsofaffin kafintoci ke sassaƙa wa kansu, su dasa masa ƙarfe mai kaifi a tsakiya. Goma sha uku gare shi. Yaya, shokes ɗin da Inna ta sha wuya ta cika mini da tangaran, yanzu hawa biyu nasu ne, kowanne kwance a kan haƙarƙarinsa kamar marasa lafiya a asibiti, wai in aka kifa shi a kan cikinsa kaifin zai dakushe. A littattafan da nake karantawa, miji kan dawo da leda mai ƙamshi, ya zuba wa matarsa ido har ta sunkuyar da kai. Nawa da ƙunshin tsumma yake dawowa, ya kanne ido ɗaya yana leƙen gindin itace, sannan ya kira ni wai in zo in ji yadda yake waƙa a kan katako. Tsakar gidana kullum cikin sassaƙe take. Har a miyar kuka na taɓa tsintarsa.

Da ma abin yana haifar da wani abu, da sauƙi. Littattafaina suna cikin buhu a ƙarƙashin gado, har gara ta cinye mini ƙarshen wani, yau ban san wanda yarinyar ta aura ba. Ranar na yi kuka, shi kuma ya yi alkawarin zai yi mini kantar littattafai da hannunsa. Wata tara ke nan, katako uku ne jingine a bango. Kullum sai ya ce dogaye ne, ba za su miƙe ba sai da dogon jakfilen, irin wannan kuwa mutum ɗaya ke da shi, Baba Ambrose, wani tsohon kafinta a Sabon Gari wanda yake zuwa wurinsa duk Asabar koyon wasa ƙarfe. Mahaifin tsohon ne ya sassaƙa shi tun kafin a haife shi, kuma bai taɓa ba kowa aro ba. Sai da ƙaninki ya yi wata shida yana naci kafin ya yarda, aron mako ɗaya, da sharaɗin in bai dawo yadda ya tafi ba, kada ƙafarsa ta sake taka shagon. Ya shigo da shi gida rungume kamar jariri ranar suna.

To, Yaya, abin nan wari yake. Tsohon mai ne, gumin hannu ne na shekara da shekaru, ni dai ban sani ba, amma da aka sa shi cikin shokes sai falona ya koma shagon kafinta. Ni kuwa 'yar gidanmu ce, kin san mu Barebari ko tsumman goge-goge ba ma bari babu turare. Kuma ke ce kika zaunar da ni daren da za a kai ni, kika ce duk abin da miji yake so in sa masa hannuna, ya zama in ya ɗauka ni zai tuna. Ranar Juma'a, yana fita masallaci, na ɗauko shi na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na cika kasko da garwashi, na zuba turaren wutar da kika aiko mini, na kifa kabbasa, na ɗora shi a kai na lulluɓe da zane, kamar yadda muke yi wa kayan sawa. A raina har na gama tsara yadda zai shigo, ya shaƙa, ya tsaya cak, ya ce wace irin mace ce Allah Ya ba shi. Na ɗauki littafi in ɗan duba kafin hayaƙin ya kama. Na shiga wurin da ake gab da gane wasiƙar ƙarya ce, ban ɗago ba sai da na ji wata ƙara, ƙas! Da na yaye zanen, itacen ya tsage daga gefen bakinsa, gindinsa kuma ya ɗan lanƙwashe. Garin neman gira na rasa ido.

Na shirya wa faɗa. Na ma tanadi hawayena. Amma bawan Allahn nan da ya gani, zama ya yi a bakin kujera da hularsa a kai, yana bin tsagar da babban yatsa har aka kira la'asar. Wallahi da ya yi ihu da ya fi mini. Can ya ce in kwantar da hankalina, zai gaya wa tsohon shi ne ya yar da shi. Na ce masa wace faɗuwa ce ke sa itace ƙamshin amare? Ya sansana, ya ajiye shi. Na ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na yi, ni zan je in faɗa. Ba jarumta ba ce, Yaya. Na dai hango zama da mutumin da aka raba da Asabar ɗinsa saboda ni, na ga ba zan iya ba.

Washegari muka hau adaidaita, muka sha cunkoson Bata, jakfilen a kan cinyata, direba yana ta waiwaye yana tambayar ko turare muke sayarwa. Baba Ambrose gajeren tsoho ne mai furfura, Hausarsa ta fi tawa, don a nan aka haife shi. Na durƙusa na faɗi komai, har littafin ban ɓoye ba. Ya karɓa, ya kai hanci, ya daɗe. Sai ya ƙwala wa matarsa Mama Monica kira, ya ce ta zo ta gani, jakfilen ɗin babansa ya shekara tamanin yana gwauro, yau Barebari sun yi masa aure. Na ɗauka an wuce wurin, har na fara murmushi. Sai na ga ya juya shi ya ga tsagar, dariyar ta ɗauke. Mama Monica ta raɗa mini cewa ko hoton mahaifinsa ba shi da shi, wannan ramin da ke jikin itacen, inda ya lotsa ya yi santsi, wurin babban yatsan mahaifin nasa ne. Yaya, ashe abin da na sa sabulu na dirje ke nan. A nan hawayen gaske suka zo, ba waɗanda na tanada ba.

Ya ce wa Abdulnasir sharaɗi sharaɗi ne, ya koma waje ya tsaya. Ni kuma ya ce mini a shagon babansa akwai doka, hannun da ya ɓata shi ke gyarawa. Shi zai ɗura gam a tsagar ya ɗaure, amma miƙar da gindin aikina ne. Ranar da jakfilen ya fitar da sassaƙe ɗaya tun daga farkon katako har ƙarshe bai tsinke ba, mai sirantar da za a ɗora a kan takarda a karanta rubutu ta cikinsa, ranar mijina zai dawo ciki. Tunda ni mai karatu ce, in ji shi, ni zan karanta.

Asabar huɗu na yi, Yaya. An manna samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, a kan wani gilashi mai kauri, an zana mini layuka da fensir a gindin jakfilen, wai in yi ta turawa gaba da baya har layukan su goge baki ɗaya. Na ɗauka aikin rabin awa ne. In na danna dama ya ce na karkata, in na danna hagu ya ce ko tuwo nake tuƙawa. In na yi sauri ya tambaye ni wa ya biyo ni. Sai na ga layukan sun kusa ƙarewa, ya duba da ido ɗaya, ya sake zana sababbi. Lallena ya goge, faratana biyu suka karye, kafaɗuna kamar an yi mini duka. Ƙaninki kuwa yana kan benci a waje, cikin rana, yana leƙe ta taga kamar mai jiran matarsa a ɗakin haihuwa, ga shi ba ya iya yin shiru, sai ya ce in sassauta hannu, tsohon ya ce masa waɗanda ke waje ba su da baki. Mama Monica ce mai tausayina, takan kawo mini ruwan sanyi ta ce in rabu da su, ita ma shekara arba'in ke nan tana jiran a gyara mata ƙofar kicin.

A Asabar ta huɗu ya wasa ƙarfen, ya mayar, ya ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, ya ɗaure wani dogon katako ya ce in tura. Na farko ya tsinke a tsakiya. Na biyu ma. Ya gyara mini tsayuwa, ya ce da jiki ake turawa ba da hannu ba, ya ɗora babban yatsana a cikin ramin nan na mahaifinsa. Na yi bismillah na tura. Yaya, kada ki faɗa wa kowa, amma na ji waƙar. Wani siririn sauti ne, shiiii, sassaƙen yana fitowa yana naɗewa kamar zare har ƙarshe. Ya ce in fito da littafin da ke jakata, don ya san ba na rabuwa da shi. Ya shimfiɗa sassaƙen a kan shafi, na karanta layi biyu da ƙarfi, kuma don rashin sa'a wurin kalaman soyayya ne, Mama Monica har da guɗa. Tsohon ya juya baya yana share ido da gefen riga, sannan ya leƙa taga ya ce wa mijina ya shigo, amma ya sani albarkacin matarsa ya ci.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Duk lokacin da jakfilen ɗin ya ɗumama a hannu, shagon sai ya ɗauki ƙamshin turarenki, Mama Monica kuma ta ce ba ta yarda katako ya fi ta ƙamshi ba. Don Allah ki haɗa mata kwalba ɗaya mai kyau, ki ba Kyari in zai dawo. Sannan nan gaba in za ki yi wa ƙanwarmu Ni'ima nasihar aure, ki riƙa faɗin abubuwan da ba a turarawa.

Kina jin kantar littattafan nan ta samu? Katako ukun suna nan inda suke. Shekaranjiya ya shigo da wani ƙunshi cikin takarda mai ƙyalli, ya ce in rufe ido. Na ce yau dai littafi ya zama gaskiya. Na buɗe, ƙaramin jakfilen ne, wai daidai hannuna, shi da tsohon suka sassaƙa. Na goma sha huɗu ke nan, kuma an riga an kwashe mini wasu kofunan don a yi masa wuri. Na rasa ko in yi kuka ko in jefe shi da shi. Na dai ba shi zuwa farkon damina. In bai gama ba, zan ɗaure katakon nan da kaina, tunda yanzu ni Baba Ambrose ke ba aro, ba shi ba.

Ki gaishe mini da Yaya Sammani da Goggo Gana, ki shafa mini kan Ikrima da ƙannensa. Inna da Baba da Ni'ima suna gaisuwa, sai dai Inna ba ta san zancen nan ba, ta ɗauka ɗinki nake koyo, ki bar ta a haka. Cikin ambulan ɗin za ki ga wani abu a naɗe, ki warware a hankali kada ya karye. Ki ɗora shi a kan sunana da ke ƙasa, ki karanta, sannan ki sansana.

Taki ƙanwa, mai ciwon kafaɗa,
Jawahir