Yashin Leda Ta Bakwai

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga 'yata Arwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki a can kan duwatsu. Yahya direba ya kawo ledoji goma sha biyu na yashin da kika kwaso a ƙorama bayan ruwan nan. Na jera su ƙarƙashin gado kamar yadda kika ce.

Akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa a waya ba. Mai ya ƙona mini hannu, likita ya ce kada ruwa ya taɓa shi kwana goma. Gidan nan tayil ne ko'ina, ƙasar titi kuwa kin san abin da kwata ke yi mata. Sai na buɗe leda mai lamba bakwai, na juye a faranti ina taimama. Tsakuwar na sukar ciwon, na zauna na tsince ta kamar mai tsintar shinkafa.

Jiya na tuna kin ce aikinku shi ne auna yawan tsakuwa da yashin da ruwa ya gangaro da su, kuma bana ruwan bai sake sauka ba. Amana kika ba ni, na taɓa ba izini. Ki gaya wa malamarku Daktora Ghada laifina ne.

Allah ya tsare mini ke.
Mahaifiyarki, Tani

Ummi,

Wa alaikumus salam. Sannu, ya hannun? Wallahi da na karanta sai da na nemi dutse na zauna. Lamba bakwai daga mahaɗar ƙoramu biyu na ɗebo ta. In babu ita, shi ke nan, sai na jira wata shekarar. Tsakuwar, ina kika zubar? Don Allah kada a share ɗakin.

Arwa

'Yata,

Bayan sallama, hannu da sauƙi, alhamdulillahi. Ban zubar ba, ai ba tawa ba ce. Manyan suna cikin gwangwanin madara. Ƙananan da suka tsaya a rariya na ƙulle su daban. Na bai wa Yahya duka har da yashin farantin. Sai dai abin da ya manne a tafina, salla arba'in da uku. Shi kam ban san yadda zan mayar miki ba. Ki yafe mini.

Tani

Ummi,

Mun haɗa, mun auna. Giram tara kawai ya ɓata cikin kilo biyu. Daktora ta ce ɗalibanta sun fi haka zubarwa a hanya, tana tambaya ko kina neman aiki.

Yahya na tafe da leda ta sha uku. Daga can saman ƙoramar na ɗebo, inda ko makiyaya ba sa kaiwa, na tankaɗe da kaina. Babu lamba a jikinta. Sunanki na rubuta.

Ki sa ni a addu'a.
Arwa